Kumburin cikin Duna da asibitin dabbobin da na kai shi a Kaduna

Duna bai cika kwana goma a gidana ba cikinsa ya koma kamar an hura balan-balan. Daga nesa sai ka ce ƙiba ce, har maman yara tana cewa gidan ya karɓe shi. Amma in ka ɗaga shi ba nauyi, haƙarƙari duk a waje kana iya ƙirgawa, gashi ya yi buzu-buzu babu sheƙi, ga tumbi yana rinjayarsa in zai tashi. Ranar Laraba ya fara zawo. Daren Alhamis ya hana mu barci da irin siririn kukan nan mai shiga ƙwaƙwalwa, yana zagaye akurkinsa yana sakin tusar da sai ka toshe hanci.

Ni ba mai kiwon kare ba ne. Kajin ƙwai nake kiwo a bayan gidana can wajen Rigachikun, da 'yan awaki huɗu. Sau biyu a damina ɗaya aka hauro mini katanga, na farko aka kwashe ƙwai da buhun abincin kaji, na biyu aka yi gaba da akuya mai ciki. Na tambayi malamin unguwarmu, ya ce karen gadin dukiya da dabbobi ba laifi, a dai ware masa kwanonsa da wurin kwanansa. Shi ne na sayo kwikwiyo a hannun wani saurayi, barbarar yanyawa ne tsakanin Alseshiyan da karen gida, baƙi wuluk, autana ta raɗa masa Duna. Saurayin ya ce sati shida ke nan da haihuwarsa, kuma an yi masa duk allurai. Ban nemi kati ba. Ni da ba na kuskuren ranar rigakafin Gumboro ko Lasota ga kajina, har a bangon ɗakinsu nake rubutawa da alli, sai ga shi na karɓi kare a kan fatar baki kawai.

Kafin in je asibiti sai da na sha shawarwari. Maƙwabcina ya ce in ɗura masa manja cokali guda, zai wanke cikin. Na ɗura, zawon ya ƙaru. Yaron kemis na bakin titi ya ce in buɗe ja-da-yalo in zuba masa a ruwa in haɗa da rabin Flagyl. Wannan Allah ya sa ban yi ba. Ni kaina na tsaya ina juya ledar maganin tsutsar kaji a hannu ina lissafin ko in ɗan barbaɗa masa. Abin da ya yanke gardama shi ne aman da ya yi da asubahin Juma'a. Na haska da fitilar waya, sai ga wani abu fari dogo kamar taliya, ya kusa tsawon yatsana biyu, yana nannaɗewa a hankali a cikin kumfar. Na sa tsinke na ɗauke shi na jefa a leda, na ɗebi kashin da ya yi a wata ledar, na saka Duna a kwalin taliyar yara, muka kama hanyar gari.

Asibitin na kuɗi ne, ƙarami, shago biyu aka fasa aka haɗe. Ba zan kama suna ba, don akwai yabo akwai ƙorafi a abin da zan faɗa. Gaba kanti ne na magunguna da buhunan abincin karnuka da sarƙoƙi, ciki kuma ɗakin duba dabbobi da tebur na ƙarfe. An rubuta a ƙofa ana buɗewa ƙarfe 8:00. Na isa tara saura, na tarar da yarinyar da ke yankar kati da wani saurayi mai taimaka wa likita, amma likita bai iso ba sai sha ɗaya saura kwata. Ga shi Juma'a, ina ta duba agogo. Benci ɗaya ne a waje. A kansa akwai wani direba da aka aiko da ƙaton kare irin Bowabowel mai kai kamar turmi, da wata baiwar Allah da kyanwa a kwando, da wani dattijo mafarauci da karensa na gida wanda ƙaya ta yaga wa ƙafa. Dattijon ya leƙa kwalina ya ce, "Malam, macijin ciki ne wannan, ko ba a faɗa ba." Ya kuwa canka.

A nan na ga abu na farko da ya burge ni. Da saurayin nan ya ji na ce zawo da amai, bai bari na ajiye Duna a ƙasa ba. Ya ce in riƙe shi a kwalinsa, in koma can gefe nesa da sauran karnukan, har sai an tabbatar ba fabo ba ce, wato muguwar cutar nan ta amai da zawo mai yaɗuwa tsakanin karnuka. A lokacin na ji haushi, na ɗauka wulaƙanci ne don karena ba na masu kuɗi ba ne. Daga baya na gane kare shi yake yi, yana kuma kare na wasu.

Likitan matashi ne, ba zai wuce sa'ar ƙanena ba, ya ce a Zariya ya yi karatu. Ya ba da haƙurin latti a gurguje, ya sa safar hannu, ya goge teburin da ruwan Hypo. Bai taɓa kwalbar magani ba sai da ya ɗora Duna a sikeli. Kilo 2.9. Ya rubuta. Ya ɗaga masa leɓe ya kira ni.

"Baba, matso ka gani. Dasashin nan ya kamata ya zama ja-ja kamar cikin leɓenka. Ka ga nasa ya koɗe?"

Ya danna dasashin da yatsa ya saki, muka tsaya muna kallon yadda jinin ke dawowa a hankali. Ya kama fatar bayan wuyansa ya ɗaga ya saki, maimakon ta koma nan take sai ta ɗan tsaya kamar tanti kafin ta kwanta. Ya ce alamar ruwan jikinsa ya fara ƙarewa ke nan, amma bai kai ga ƙarin ruwa ta jijiya ba. Ya sa ma'aunin zafi ta dubura, 38.9, ya ce lafiya lau, kare daga 38 zuwa 39 da 'yan kai duk daidai ne. Sannan ya sa hannu biyu ya dinga mammatsa cikin a hankali, daga haƙarƙari zuwa mara, yana kallon fuskar Duna ko zai yi ƙara. Ya ɗan ƙwanƙwasa da yatsa. Ya ce cikin da laushi, iska ce da tsutsa, bai ji wani abu ya toshe ba.

Na miƙa masa ledojina biyu ina jin kunya. Ya yi dariya ya ce da kowa zai riƙa zuwa da irin wannan tsaraba da aikinsu ya yi sauƙi. Ya sa auduga mai tsinke ya ɗebi kashin, ya yi gwajin fabo a wani ɗan faranti irin na gwajin maleriya. Minti goma, layi ɗaya ya fito, babu. Sauran kashin ya dama da wani ruwa, ya ɗiga a gilashi, ya sa a madubin likita, ya ce in zo in leƙa da kaina. Ban taɓa leƙa madubin likita ba a rayuwata. Na ga wasu ƙwallaye masu duhu da kauri a gefe, birjik, da wasu dogaye-dogaye masu haske kamar ƙwan tsuntsu. Ya ce masu duhun ƙwan macijin ciki ne, irin wanda na kawo a leda, masu hasken kuma na wata ƙaramar tsutsa ce mai ƙugiya a baki da ke maƙalewa a hanji tana zuƙar jini. Ita ce ta koɗar da dasashin.

Na ce, "Dakta, a ina ya kwaso? Ni gidana a share yake."

Ya ce ba a gidana ya kwaso ba, da su aka haife shi. Macijin cikin tun kwikwiyo yana cikin uwarsa yake ratsawa ta mahaifa ya shige shi, mai ƙugiyar kuma ta nono take bi. Shi ya sa ake fara ba 'yan kwikwiyo maganin tsutsa tun suna sati biyu, a maimaita a sati huɗu, shida da takwas, daga nan duk wata har su kai wata shida. Ya ce yana da tabbacin Duna bai taɓa ɗanɗana ko ɗigo ba. Na faɗa masa batun maganin kajin da na so in ba shi. Ya ce in fiferazin ne, yana kama macijin ciki amma ba ya taɓa mai ƙugiyar, ga shi kuma da ido zan auna. Ja-da-yalo kuwa ya ce ba ruwansa da tsutsa, abin da zai yi wa kwikwiyo shi ne ya ɓata masa haƙoran da ba su gama fitowa ba. Ya ja kunnena kada in kuskura in ba shi farasitamol ko ibufurofen na mutane, ko da ɓalli ne.

Sai ya ajiye biro ya ce, "To Baba, me yake ci?"

Nan fa na fara kame-kame. Da safe madarar gari a dama masa kofi guda, don ni a ganina jariri ne. Da rana abin da ya samu. Da dare a haɗa masa ragowar tuwo da miya, ko shinkafa da miyar dage-dage, a cika kwano, ya kifa kai ba ya ɗagowa sai ya suɗe. Likitan ya saurara har na gama bai katse ni ba, kuma bai yi mini irin kallon nan da ma'aikatan asibiti ke yi wa mutum ba. Ya ce rabin kumburin tsutsa ce, rabin kuwa daga kwanon nan yake. Madarar shanu tana da wani sukari da cikin kare ba ya iya narkarwa sosai bayan yaye, sai ya tsaya a hanji ya yi tsami ya zama iska da zawo. Miyarmu kuma ga albasa ga tafarnuwa, waɗanda ke lalata jinin kare, ga yaji ga mai ga magi. Uwa uba cin dare ɗaya mai yawa: cikin ɗan kwikwiyo bai wuce dunƙulen hannu ba, in ya wuni da yunwa sai ya haɗiye abincin da iska tare. Ban da haka, ban tambayi abin da yake ci a gidan da na sayo shi ba, rana ɗaya na juya masa abinci gaba ɗaya. Ashe ko canjin abinci ana yin sa ne a hankali cikin kamar sati guda, ana rage tsohon ana ƙara sabon.

Maganin da ya ba shi a nan take na ruwa ne, firantel, ya ja a sirinji gwargwadon kilo 2.9 ɗin nan ya ɗura masa ta gefen baki. Ya ce in dawo bayan sati biyu a maimaita, don maganin manyan da ke cikin hanji yake kashewa, ƙananan da ke yawo a jiki sai sun sauko. Ya ce kada in hana shi abinci wuni guda kamar yadda ake yi wa babban kare, don kwikwiyo ƙarami sukarin jininsa na iya faɗuwa ya sanƙame. A madadin haka, farar shinkafa da ta dahu luguf da tsokar kaza dafaffiya, ba gishiri ba mai ba fata ba ƙashi, cokali biyu zuwa uku, sau biyar a rana na kwana uku. Ruwan gishiri da sukari na leda irin na yara, kaɗan-kaɗan da sirinji, a bar masa kuma ruwa mai tsabta kusa. Madara a daina kwata-kwata. Rigakafi kuma ya ƙi yi a ranar, duk da na ce a yi a wuce wurin don in huta da zirga-zirga. Ya ce ba a yi wa marar lafiya rigakafi, in dawo bayan sati in cikin ya daidaita. Kuɗi ne a gabansa ya ƙi karɓa, wannan kam na yaba masa.

Duk wannan bayanin ya rubuta mini a bayan kati da hannunsa. Na samu Juma'a da ƙyar, a sahun waje.

Abin da ya biyo baya a daren nan da washegari ba na son in tsawaita, don wani yana iya karantawa yana cin abinci. Tsutsotsi dai sun fito, wasu a mace wasu suna motsi, har autana ta rantse ba za ta ƙara cin taliya ba. Likitan ya riga ya gargaɗe ni in riƙa kwashe kashin kullum ina binnewa da zurfi ko in ƙona, don ƙwan macijin cikin nan yana daɗewa a ƙasa, kuma yaran da ke wasa da ƙasa su kai hannu baki suna iya ɗauka. Na kafa doka a gidan: wanda ya taɓa Duna sai sabulu. Don rage masa haɗama kuma na daina zuba masa a kwano mai zurfi, na koma baza abincin a tsohon tire, dole ya bi shi tsinta-tsinta. Ranar Lahadi kashinsa ya fara ɗaurewa. Ranar Talata kumburin ya sace har na ga ƙugunsa ya fito. Da na mayar da shi ranar Juma'a ta gaba ya hau kilo 3.4, dasashi ya fara ja, aka yi masa allurar farko ta haɗin nan mai ba da kariya daga fabo da distemfa da sauran cututtukan karnuka, aka ba ni kati na gaske mai ɗauke da takardar jikin kwalbar a manne.

Yanzu ga inda suka ɓata mini rai.

Daren Asabar ɗin farko, wajen sha ɗaya, Duna ya yi amai sau biyu ya kwanta lamo. Na kira lambar da ke jikin katin, wadda aka rubuta a ƙarƙashinta cewa ta gaggawa ce. Sau shida ina kira tana ringin ba a ɗauka ba. Na tura saƙo ta WhatsApp da hoto, sai ƙarfe bakwai na safe aka amsa da "ya jikin nasa?" Allah ya taimaka aman bai ci gaba ba, da asuba ya tashi yana neman abinci. Amma likitan da kansa ne ya zaunar da ni ya lissafa mini alamun da ya ce in na gani kada in jira gari ya waye: kashi da jini mai ƙarni, aman da ko ruwa ba ya zama, dasashi ya yi fari fat, kwikwiyo ya kasa tsayuwa, ko ciki ya kumbura farat ɗaya ya yi tauri kamar ganga, kare yana kakarin amai ba abin da ke fita, yana dalalar da miyau. Wannan na ƙarshen ya ce murɗewar tumbi ce, an fi ganinta a manyan karnuka masu zurfin ƙirji irin Alseshiyan, kuma in ba a yi tiyata ba cikin 'yan awoyi ake rasa kare. To in na ga hakan da tsakar dare, wa zan kira? Ko dai a ɗauki wayar, ko a goge kalmar gaggawa daga katin. Da na yi masa ƙorafi ya ce wayar tana hannun yaronsa ne, barci ya kwashe shi. Ban gamsu ba.

Na biyu, kantin gaba. Likita yana ciki yana ce mini shinkafa da kaza sun isa na kwana uku, daga nan in shigo da abincin kwikwiyo na buhu a hankali, ko wanne ne in dai na 'yan kwikwiyo ne kuma ina jiƙa shi da ruwan ɗumi. Ina fitowa yarinyar kanti ta tare ni da buhun waje mafi tsada, da kwalbar bitamin, da wani garin gyaran hanji, da sabulun wanka, tana cewa ai duk Dakta yana so a haɗa. Na koma ciki na tambaye shi, ya ce garin gyaran hanjin yana taimakawa amma ba dole ba ne, sauran kuma ba yanzu ba. Wanda bai iya komawa ya tambaya ba haka zai kwashe su duka. Rasit ma sai da na roƙa, aka yago mini takarda daga littafi aka rubuta jimla ba tare da an rarrabe ba. Ni na matsa aka rarrabe: kati naira 2,000, ganin likita 5,000, gwajin fabo 8,000, duba kashi 3,000, maganin tsutsa 1,500. Gwajin fabon ne ya fi yi mini ciwo a aljihu, har na so in ce a bar shi. Amma ciwo ne da ke kashe 'yan kwikwiyo cikin kwanaki, ƙwayarsa kuma tana yin watanni a ƙasar gida, to da in kwana ina zullumi gara na biya. Maman yara dai da ta ji jimlar sai da ta riƙe haɓa ta ce kuɗin ya fi na sayen karen, an sayar da biri an sayi kare ko an sayar da kare an sayi biri, ita ba ta ma san wanne ba ne.

Sai kuma benci. Wurin jira ɗaya ne ga mai lafiya da marar lafiya, a rana, ba rumfa. Dabarar saurayin nan ce kawai ke raba su, ranar da ba ya nan ban san yadda ake yi ba.

Duk da haka can nake komawa, kuma can na tura wani abokina da ya sayo 'yan kwikwiyo biyu don gidan gonarsa. Na ce masa ya je da safe amma kada ya yi sammako, ya tafi da kashin a leda, ya riƙe su a kwali kada ya sauke, ya kuma wuce kantin gaba kai tsaye kamar bai ji ana kiransa ba. Na ce ya nemi lambar likitan ta kansa, ba ta jikin kati ba. Ni sai a zuwa na uku na samu.

Duna yanzu yana sati goma sha ɗaya, kilo 6.1 a awon ƙarshe. Sau huɗu yake ci a rana, abincin buhu jiƙaƙƙe da ɗan dafaffen ƙwai daga cikin waɗanda suka fashe a ɗakin kaji. An yi allura ta biyu, saura ta uku, sai ta haukan kare in ya cika wata uku. Na tambaya ko irin ta cibiyar binciken dabbobi ta Vom ce, inda ake yin rigakafin kajina, likitan ya ce wadda ta samu a firjinsa ranar zai nuna mini kwalbar in karanta da idona. Ranakun duk na rubuta su da alli a bangon ɗakin kaji, ƙarƙashin na Lasota. Haushi kuwa har yau bai yi wa baƙo ko ɗaya ba, zakaran gidan kawai yake yi wa, sai takalmin makarantar autana da ya ja zuwa bayan randa ya cinye wa maɗauri.